Rufin Indiya a Gwangwanin Baba

Mahaifina ya je yaƙin Bama, ya dawo da ciwon ƙafa da takardun kuɗin Indiya guda uku, masu kan sarkin Ingila. Su suka jefa ni cikin ɗabi'ar tara tsoffin takardun kuɗi. Abokaina malaman makaranta a Birnin Gwari suna sayen awaki, ni ina bin alhazai da roƙo, duk mai tafiya Makka ya nemo mini tsohon rufi, wato kuɗin can, wajen 'yan Pakistan ko Bangaladash. Har ba'a suke mini, wai attajirin da kuɗinsa ba ya sayen ko ƙosai.

Ɗakin da nake haya yana yoyo, sai na zuba su duka a gwangwanin Baba, na kai gidanmu na Gayam wajen Goggo, ƙanwarsa. Ta buɗe, ta ga rubutu irin na Larabci a jikinsu, ta goge hannu a zane kafin ta taɓa. Goggo ko yagaggiyar takarda ta gani a hanya da irin wannan rubutu, sai ta ɗauke ta soke a katanga. Abin ya ba ni dariya, na ce a raina ai na sami mai gadi.

Shekarar da 'yan bindiga suka matsa wa ƙauyuka, mutanenmu suka taso. Goggo ta iso gari a kan babur, da ƙullin tufafi kawai. Bayan ta sha ruwa na tambayi gwangwanin.

"Kai dai bari, ɗan nan. An ce a hanya tare mutane suke, su zazzage kaya a ƙasa su bi ta kai da takalmi. Zan bari a taka sunan Allah? Na yi alwala na ƙone su, tokar na binne a gindin tsamiya inda ba a bi."

"Har ukun nan na Baba?"

"Su na fara sawa. Ai sun fi tsufa."

Na san abin da ke rubuce a jikinsu: sunan banki ne da alkawarin biya. Raina ya ɓaci ƙwarai, har yau kuma bai daina ba, don ba ni da wani abu na Baba sai su. Amma ta zuba mini ido, ƙafafunta duk sun kumbura, tana jiran in yaba.

Na ce, "Kin kyauta, Goggo. Allah ya ba da lada."

Ta ce amin, ta miƙo mini gwangwanin daga cikin ƙullinta. Shi kam ta taho da shi.