Ruwan Lagireto a Hanyar Tabuk

Ba na mantawa da ranar da na fara taka dusar ƙanƙara, da silifas kuwa. A hunturun 2013 ne, ina sabon direban babbar mota a wani sito da ke unguwar Rusaifa a Makka. Kafilina, wato Balaraben da igamata, takardar izinin zamana, ke hannunsa, ya aike ni Tabuk da lodin barguna. Mutum ne mai gajen haƙuri. Ya miƙo mini makulli ya ce, "Motar nan amana ce. Ta lalace a hannunka, sai Najeriya." Ni kuwa ga iyali a Kano suna jirana.

Da la'asar, dab da gari, 'yan sanda suka rufe hanya, muka jeru a wani gidan mai. Abin ya ba ni mamaki: duwatsu sun yi fari fat kamar an baɗe su da garin rogo, raƙuma na tsaye da ƙanƙara a tozo. Mutanen wurin ko a jikinsu. Sun hura wuta suna dafa shayi, yara na jifan juna da curi. Ni kaɗai nake rawar ɗari cikin jallabiya.

Kun san al'adarmu a Makka: ka tsaya, ka bari inji ya huce, ka cika lagireto da ruwan famfo, don zafi muke tsoro. Ina cikin tsiyayawa sai wani dattijo direba ɗan Tabuk ya riƙe mini hannu.

"Ya waladi, moya? Ruwa zalla? Daga ina kake?"

"Daga Makka, ya ammi."

Ya yi dariya har da tari. "Shi ya sa! A nan ruwa daskarewa yake yi, ya kumbura, ya tsaga inji kafin safiya."

Bai tsaya dogon bayani ba. Tsohon nan ya kwanta a kan ƙanƙara ƙarƙashin motata, ya kwance makwarara ya zubar da ruwan. Ya ɗauko jarkar wani koren ruwa mai hana daskarewa daga tasa motar, ya juye mini. Da ya tashi, yatsunsa sun ƙage, ko kofin shayi ya kasa riƙewa. Wallahi sai da na ji ƙwalla.

Da safe na murɗa makulli, mota ta tashi lafiya lau. Can ƙarshen layi akwai wani ɗan'uwanmu direba daga Jidda da ya iso bayan kowa ya kwanta. Injinsa ya tsage. Na same shi zaune a kan taya, kafilinsa na ta kiran wayarsa, ya kasa ɗauka. Da ni ne a wurin nan.

To, ku sababbin direbobi, abin da na koya ke nan: baƙo makaho ne ko da idanunsa, kuma a wannan sana'a direba ne ke rufa wa direba asiri.

Da aka buɗe hanya na tambayi dattijon me zan ba shi. Ya ture hannuna ya ce, "Kai maƙwabcin Ɗakin Allah ne. In ka koma, ka tuna da ni a ɗawafi."

Ban ko tambayi sunansa ba. Har yau in ina ɗawafi sai in ce, "Ya Allah, tsohon nan na Tabuk, Kai ka san shi."