Simintin Ɗakin Inna

Shekarar da muka tare a sabuwar unguwa, can bayan Barade, tsakaninmu da kwalta akwai wani kwazazzabo da ruwa ya yanka. Masu keke-napep iyakarsu bakinsa. Su sauke ka da buhunka, su juya, ko za ka yi musu kukan jini.

Ni da ƙafafuna ban damu ba. Damuwar Inna ce, mahaifiyata, wadda gwiwoyinta suka daina ɗaukarta. Duk ranar asibiti sai na goya ta na tsallaka, mutane na yi mana sannu. Sannun nan ta fi ciwon yi mata zafi. Wata rana a tsakiyar kwazazzabon ta ce mini a kunne, "Ni da na goya ka." Tun daga nan ta daina fita. Ƙanwarta na kwance ba lafiya a Iware, ana ta aiko mata, ita kuwa ta ce ba za a sake nuna ta a bayan ɗa ba.

Sai mutanen unguwa suka ce a haɗu a yi kwalbati. Shugabanmu wani dattijo ne ɗan ƙabilar Mumuye, tsohon malamin makaranta, muna ce masa Baba Ciyaman. Ya tsara abin daidai: mai kuɗi ya kawo, mai yashi ya kawo, wanda ba shi da komai ya kawo ƙarfinsa. 'Yan coci su yi aiki ranar Juma'a, mu kuma Lahadi.

Ni fa na tashi a taron na zazzage cikina. Kullum a kasuwa, kafin in sayar da albasa ko ta naira, mai tikiti ya tsaya a kaina. Falwayar wuta mu muka saya. 'Yan sintiri mu ke biya. Ruwa a wajen 'yan garuwa. Yanzu kuma gada? To mu ne gwamnatin ke nan, sai a ba mu ofis da mota! Aka yi dariya. Baba Ciyaman ya ce, "Malam, maganarka yana da kyau. Amma ruwa ba ta jin magana." Na kaɗe rigata na tafi. Har gobe kuma ina nan a kan bakana, ba mu ya kamata mu yi aikin nan ba.

A tsakar gidana a lokacin akwai siminti da bulo a jibge, na lulluɓe da leda. Tara su na yi a hankali, ina ƙuntata wa cikina, don in gina wa Inna ɗakinta. A falo take kwana tare da jikoki, safiya na yi a naɗe katifarta. Abin na cin raina ƙwarai. Har an haƙa harsashi.

Aikin kwalbati ya kai rabi, siminti ya ƙare, ga hadari ya fara haɗowa daga gabas. Magini ya ce in ruwan farko ya same shi a haka, duk wahalar ta bi rafi.

Wata Juma'a na dawo daga kasuwa, na tarar da ledar a ninke, wurin wayam. Innalillahi! Na soma ihun ɓarayi. Inna na zaune a tabarma tana ɓarar gyaɗa, ko ɗagowa ba ta yi ba.

"Rufe mana baki. Ni na aika aka kira Ciyaman."

"Inna! Ɗakinki ne fa!"

"To ba nawa ba ne? Na bayar."

Na ce unguwa cike da masu motoci, sai mu? Na ce a ina za ta riƙa kwana? Ta ce, "Inda nake kwana. Kai ɗaki kake so ka ba ni, ni kuwa fita nake so."

Na fita fuu zan je in kwaso kayana. Na iske 'yan coci jage-jage da kwaɓi, matansu na jido ruwa. Baba Ciyaman ya tare ni, ya cire hula. Ya ce sau biyu ya ƙi karɓa, Inna ta rantse masa. Na tsaya ina kallon ɗakin uwata ana zuba shi da shebur.

Ranar da keke ya fara tsayawa a ƙofar gidanmu, Inna ta ci ado tun da safe. Na miƙa hannu zan ɗaga ta, ta make shi. Da sandarta ta ja jiki, ta kama ƙarfe, ta hau da kanta, tana nishi. Ta je Iware, ta samu ƙanwarta da rai, suka kwana suna hira. Daga baya babu bikin da ya wuce ta, har sai da na fara mita.

Siminti kuwa ya yi tashin da ban sake kamo shi ba. Ciyawa ta cinye harsashin. Har Allah ya karɓi abarsa, a falon nan take kwana, kuma ban taɓa jin ta ambaci ɗakin ba. Ni ne dai na kasa yafe wa kaina katifar da ake naɗewa.