Igiyar Baba Manu

Mudassiru ɗan garin Lafagu ne. Noman albasa ya taso yana yi, har shekarar da ciwon baya ya hana shi duƙawa, kawunsa ya haɗa shi da Alhaji Yero mai shagon gadaje da kujeru a Bagudo. Ba albashi a shagon. Abin da ka sayar, a kansa kake samun la'ada. Shi ya sa abokin aikinsa Sufyan tun daga bakin ƙofa yake tantance mutane. Mai saye yakan ƙwanƙwasa katako, in ji shi, ɗan kallo kuwa madubi yake nema ya gyara hula.

Mudassiru bai iya wannan ba. Shi tambaya ce ta yi masa yawa. Ko matan Benin da ke tsallako iyaka suna taya kaya da sefa, sai ya tsare su yana tambayar sunan kujera da yarensu na Dendi, har ciniki ya wuce shi.

Wata Laraba wani dattijo ya shigo, ɓawon kifi a manne da hannun rigarsa. Ya yi sallama, bai tambayi kuɗin komai ba. Ya zaro wata igiya mai ƙulli biyu daga aljihu, ya auna faɗin gado, ya tsuguna ya auna tsawon ƙafar gadon, ya girgiza kai. Haka ya bi gadaje bakwai, ya fice.

"Ɗan leƙen asirin wani kafinta ne," in ji Sufyan. "In ya dawo, naka ne."

Ya kuwa dawo bayan mako guda. Mudassiru ya bi shi a hankali, har ya kama masa bakin igiyar.

"Baba, don Allah mi ake aunawa?"

Dattijon ya dube shi. "Kai ne na farko da ya tambaya. Sunana Manu, kamun kifi nake yi a bakin kogin Kwara." Ya nuna ƙullin farko. "Wanga faɗin jirgina ne. Mota ba ta zuwa wurinmu." Ya nuna na biyu. "Wanga kuwa nan ruwa ya kai cikin ɗakinmu bara. Uwar ɗiyana Mairama kwana tara tana barci a zaune bisa turmi. Na ce mata bana ba za a sake ba."

Mudassiru ya ɗora igiyar a jikinsa, ƙullin ya wuce gwiwarsa. A duk shagon ba gadon da ƙafarsa ta kai rabin haka.

Ya samu Alhaji Yero da maganar. Alhaji ya yi dariya, ya ce wannan ai rumbu ne, ba gado ba, amma ya yarda kafintan shagon ya gwada. Kwana goma sha biyu ana fama. Na farko da aka haɗa rawa yake yi, sai da aka ƙara masa sanduna a gicciye. Aka yi shi da kusoshi masu kwancewa, don ya shiga jirgi gunduwa-gunduwa. Duk kwanakin nan Mudassiru yana wurin kafinta, Sufyan yana kwashe masu saye shi kaɗai.

Ranar kai kaya Mudassiru ya ce zai bi, wai don ya haɗa gadon. Gaskiyar magana so yake ya ga ɗakin. Bai taɓa shiga jirgin ruwa ba. Ya ƙanƙame allon gadon har suka sauka, Manu yana ta yi masa dariya. A bangon ɗakin ya ga layin da ruwan ya bari, daidai inda ƙullin ya nuna.

Da aka gama haɗawa, Mairama ta zagaya gadon sau biyu, ta ɗaga kai.

"To, Malam, ta ina zan hau?"

Ba wanda ya yi tunanin wannan. Aka jawo wani tsohon akwati ta taka, ta zauna a sama tana lilo da ƙafafu, maƙwabta suna leƙe ta taga. Mudassiru ya koma Bagudo da busasshen kifi cike da leda da saƙon mutum uku masu son irin gadon, ɗaya daga cikinsu har da tsani.