Tulun da Dongjiao Ta Ƙi Aikawa

Matso kusa, ja kujera ka zauna, shayin bai huce ba tukuna. Yau labarin maƙwabciyata zan ba ka, Liao Dongjiao, wadda katanga ɗaya ta raba gidana da nata a ƙauyenmu na cikin tsaunukan kudancin lardin Jiangxi.

Dongjiao ba ta da wata sana'a sai lambunta na bakin rafi. Da sanyi ya shigo za ta yanko ganyen moi-choi, wani ganyen ci mai faɗi, ta shanya a kan shinge har ya yi laushi, ta murje shi da gishiri, ta danna a tulu ta toshe baki. Daga baya ta turara, ta sake shanyawa har ya yi baƙi. Ƙamshinsa kan tsallako katanga ya same ni a madafa, yawuna ya tsinke. Irin ganyen kuwa a hannun uwar mijinta ta gaje shi. Kowace shekara tulu mafi kyau na 'yarta Shuilian ne, wadda ke ɗinki a wata masana'anta a birnin Dongguan.

Sai masu haƙar ma'adinai suka hau tsaunin da ke bayanmu. Ramuka suke hudawa, su ɗura ruwan magani, ya tsatso da abin da suke nema ta gindin tsaunin. Samarinmu suka samu aiki, gidaje suka yi sabon rufi. Rafi kuma ya daina kifi.

Wata shekara ma'aikatan lafiya suka zo suka ɗebi ƙasa da ganye. Da suka dawo suka tara mu, suka ce ganyen bakin rafi yana zuƙar ƙarafa masu guba da haƙar ta zubo a ƙasa, wanki ba ya fitar da su duka, kuma a hankali suke taruwa a jiki. Masu ciki da ƙananan yara suka fi jiye wa tsoro.

Tsoho Zeng mai gyaran keke ya juyo yana dariya. "Yaya Dongjiao, ashe guba kike ɗura mana!"

"Kai da ka cinye rabin tuluna?" in ji ta. "Ga ka nan garau, ko mutuwa ba ta son ka."

Ta ci gaba da nomanta, tana cin abinta.

Ana nan sai Shuilian ta bugo waya. Ina zaune muna tsince wake, na ji komai. Ciki gare ta, na fari, kuma duk abin da ta sa a baki sai ya dawo.

"Inna, ba abin da raina yake so sai ganyenki a kan kunun shinkafa. Har mafarkinsa nake yi."

"To, daina kuka, ke da kin kusa zama uwa. Gobe yana hanya."

Washegari ta ɗaure tulun da igiya, muka ratayo shi a sanda, ita gaba ni baya, za mu kai tasha. A kan gadar rafi ta tsaya cak. Ruwan ya yi fari-fari, ko ɗan kwaɗo babu. Nan ne Shuilian take kama kifi da kwando tana yarinya.

"Sauke," in ji ta.

"Yaya, mota za ta tashi fa."

"Ni na ci, na tsufa, tawa ta ƙare. Jaririn da ke cikin Shuilian bai ɗanɗani komai ba a duniya. Da wannan zan fara masa?"

Muka juyo da tulun. Ta kira 'yarta ta faɗa mata gaskiya. Shuilian ta yi ta roƙo: "Ko cokali ɗaya, Inna." Dongjiao ta ce ko rabin cokali. Da ta kashe wayar, ta tura tulun bayan ƙofa.

Ba a yi mako ba ta ƙulle iri a bakin gyale, ta ba ni makullin gidanta, ta hau mota. Matar da ba ta taɓa kwana a birni ba! A saman benen da Shuilian ke haya ta jera akwatunan da 'yan kasuwa suka zubar, ta cika su da ƙasar sayarwa, ta shuka. Ganye ya fito, ta shanya shi a igiyar wanki tsakanin rigunan mutane. Kafin ya gama haɗuwa laulayin ya wuce, amma Shuilian ta cinye kwano guda, ta ce, "Da daɗi, Inna."

"Ƙarya take yi," Dongjiao ta ce mini a waya. "Ganyen ne, hannuna ne, gishirin ma shi ne. Amma ba shi ba ne."

An haifi yarinya lafiyayya, yanzu har tana gudu. Dongjiao ba ta dawo ba, don ba mai yi wa jikar ganye in ta taho. Duk sanda sanyi ya shigo takan kira ni. Ba ta tambayar kowa sai lambun: ciyawa ta rufe shi? Shingen yana tsaye? In ce yana nan, ko da yake ya faɗi tuni.

Tulun kuwa yana bayan ƙofarta, da igiyarsa. In na shiga shara nakan ji ƙamshin yana fitowa ta gefen murfi, in tsaya da tsintsiya a hannu. Ta hana ni zubarwa, ta hana ni buɗewa.

To kai da ka saurara, in kai ne da makullin nan a hannunka, me za ka yi da tulun?