Garwar kananzir ta Yaya Mamman

Shekara arba'in ke nan cif da rasuwar yayana Mamman. Ina kasuwar Bukkuyum ranar, ina tayin wake, wani direban motar Gummi ya dafa kafaɗata ya ce in koma gida, fitila ta fashe wa Mamman jiya da magariba, yana asibiti. Ban tambaye shi yadda aka yi ba. Tun kafin ya rufe baki na san yadda aka yi.

Mamman ya yi leburanci a Kaduna lokacin da ake gina matatar mai, ya ɗan zauna bayan ta fara aiki, sannan ya dawo Gummi ya kama sayar da kananzir. Bai yi boko ba, amma a bakinsa na fara jin yadda ake tace mai. Ya ce ɗanyen mai baƙi ne, mai kauri kamar maɗi. Ana dafa shi, tururinsa ya hau wani dogon bututu. Marar nauyi ya kai can sama, shi ne fetur. Kananzir ya tsaya ƙasa da shi, sai gas na manyan motoci, sai kwalta ta kwanta a gindi. Yakan ce uwarsu ɗaya, amma fetur ba ya jiran wuta ta taɓa shi, daga nesa yake kamawa.

Saboda haka duk duron da aka kawo masa sai ya gwada. Zai zuba kaɗan a murfin gwangwani, ya kai tsakiyar fili, ya jefa ashana. In ta mutu, kananzir ne. Inna takan yi masa tsiya, wai ashanar da yake ƙonawa ta isa girkin gida uku. Abu ɗaya ne ba ya gwadawa: garwar da yake ɗiba wa gidansa, mai jan ƙyalle a hannu, wadda ke ajiye a zaure.

Ni a lokacin malamin gona ne a Bukkuyum, an ba ni babur. Kwana biyu kafin abin na zo Gummi, mai ya ƙare mini, na ga garwar babu komai a ciki, na ɗauka na sayo fetur. Tankin ya cika, ya rage kamar kwalba biyu. Ina sauri, na mayar da ita zaure, na ce a raina zan faɗa masa. Ban same shi a gida ba, na kama hanya. Shi kuma ya zo ya cika ta da kananzir. Da magariba ya buɗe fitilar ƙwai tana ci ya ƙara mata mai, kamar yadda kowa yake yi a garinmu.

Na same shi a asibiti an rufe shi da gidan sauro, don fatarsa ba ta ɗaukar zane. Ya gane muryata. Ya ce, "Garba, ka hwaɗa ma Hajo kar ta saida sauran man ga. Ban san inda niy yi kuskure ba." Hajo matarsa ce, tana bakin ƙofa. Na ce masa to. Ya rasu a kwana na uku.

Bayan sadakar bakwai magana ta fara yawo a kasuwa, wai Mamman yana gauraya kananzir da fetur don riba, abin ya koma kansa. Na ji da kunnena a rumfar mai shayi. Na shanye shayina na tashi. Hajo ta zubar da duro guda na kananzir mai kyau a rami, ta bar sana'ar, ta koma gidansu a Anka da 'yarsu Balki.

Yau gidaje kaɗan ne ke kunna fitilar ƙwai, tocila da sola sun maye gurbinta. Amma daga Gummi zuwa Zugu fetur na jere a gorar ruwa a bakin hanya, mai babur yana tsaye da sigari ana zuba masa. Da Mamman na nan na san ba zai wuce shiru ba, sai ya tsaya ya yi musu bayanin bututu da tururi, ko za su yi masa dariya. Ni wucewa nake yi.

Abin da ya rage nasa ba shi da yawa. Tsofaffin da suka saya a hannunsa suna cewa kananzirinsa ba ya hayaƙi, wasu kuma har yanzu suna ƙarawa da waccan maganar. Inna ta rasu tana kare shi ba tare da hujja ba, hujjar kuwa tana zaune kusa da ita. Hajo ma ta rasu. Balki yanzu tana da jikoki. Sau biyu na je Anka da niyyar in gaya mata cewa mahaifinta bai cuci kowa ba, ni na sa fetur a garwar. Sau biyun ta kawo mini fura, muka yi hirar damina, na dawo. Har yau ban faɗa mata ba.