Dodon Gishiri da Cokalin Direba

Bango ɗaya ya raba ɗakina da na Yaya Kibiya, irin bangon da ko tari ka yi sai maƙwabci ya ce maka sannu. Kitso ne sana'arta. Kibiya kuwa ni na laƙaba mata, don ita da tsinken tsagarta ban san wanda ya fi wani ƙiba ba. Mijinta direban babbar mota ne, har ranar da ɓarin jikinsa ya shanye. Mutumin da ya saba da hanya ya koma kallon silin. Ya datse baki, ko cokali ɗaya ba ya karɓa.

Ba likita ne ya buɗe bakin ba. Wani labari ne da ake sakowa kashi-kashi a waya, na wata yarinya mai kiwon gajimare da dodon gishiri da ke binta. Yaya na karantawa, Direba na hangame baki don daɗi, ita kuma tana zura cokali. Na ce mata ashe dodon ya fi ta iya girki. Ta jefe ni da mataji.

Sai marubucin ya sa dodo ya haɗiye yayan yarinyar. Masu karatu suka yi masa ca. Wata ta ce ya ci amanarsu. Wani ya ce dama labarin ya yi tsawo kamar layin asibiti. Wani kuma ya ce dodon da yayyafi zai narkar ai ba dodo ba ne, kayan miya ne. Marubuci ya yi zuciya ya daina sakowa, Direba ma ya daina haɗiya.

Yaya ta rubuta roƙo, ya nutse a cikin zagi. Sai ta ɓullo da dabara: duk wadda ta zauna tsakanin gwiwoyinta, ba ta tashi sai ta tura wa marubucin yabo daga wayarta. Mai gardama kuwa, gashin ƙeyarta ya gaya mata. Inda aka samu matsala, Yaya ce ke faɗa musu abin rubutawa, kuma yabon da ta sani na sana'a ne. Haka mata rututu suka aika wa bawan Allah: "Hannunka ba zafi, tsagarka ta fita, Allah ya sa ya daɗe bai tsufa ba." Ya ɗauka sabon salon habaici ne. Ya goge labarin kaf, har da na baya.

Direba ya zabge, wuyansa kamar mariƙin lema... ai ba ma sai na faɗa ba. Ran nan da hantsi na ji muryar Yaya ta bango, wai an sako sabon kashi. Na leƙa. Wayar a kashe take, Yaya ce ke zubo labarin daga kanta. A nata labarin, yarinyar ta lallaɓa dodo ta kwantar da kansa a cinya, tana tsefe shi har barci ya ɗauke shi.

Direba ya daɗe yana kokawa da harshensa, sannan ya ce, "Yaushe dodon ya yi gashi?"

Yaya ta yi tsuru-tsuru.

"Ki dawo da yayan nan," in ji shi. "In kin dawo da shi, zan ci."

To fa. Ta gwada cewa haɗiyar mafarki ce, ya ce ƙarya ce ta yara. Ta gwada cewa tagwaye ne, ɗayan aka haɗiye, ya juya fuska. Duk masu zagin waya ba wanda ya kai shi tsanani, ga shi da rabin baki. Masu kitso sun fara komawa da kawunansu a tsefe, don Yaya sai ta kama gashi ta tsaya tana kallon bango.

Ɗazu ta shigo min ba sallama, ido ja wur.

"Ƙanwata, ke da bakinki ba ya mutuwa, ta ina mutum ke fitowa daga cikin dodo? Tun jiya ko ruwa bai sha ba."

Na buɗe baki in ce ta inda kowa ke zato, sai na ga fuskarta. Na jawo mata kujera, muka zauna muna tunani, ta bango kuma muna jin numfashinsa.