Buroshin da Malam Idris Ya Tafasa

Duk wanda ya daɗe a layukan da ke bayan titin Zariya a Gyadi-Gyadi ya san Malam Idris mai tafasa, kuma laƙabin ba na raini ba ne. Tun yana saurayi ya shiga aikin asibiti, aka ajiye shi a ɗakin da ake tsabtace kayan tiyata, a nan furfura ta same shi. Almakashi da hantsaki da ƙyallen ɗaure rauni duk ta hannunsa suke bi kafin su taɓa jikin mutum, kuma abin alfaharinsa shi ne ba a taɓa mayar masa da ƙunshi ɗaya an ce akwai shakka a kansa ba. Da ya yi ritaya sai ya koma gida da ɗabi'ar. Matarsa Dije takan ce cokulanta sun fi naman miyarta shan wuta.

Amininsa shi ne Malam Yohanna, mutumin Zonkwa, tsohon ma'aikacin gwamnati da ke zaune a Tarauni. A wurin dara suka saba tun 'ya'yansu suna ƙanana. An san Malam Yohanna da fuska tas. Kowace safiya yakan ta da kumfar sabulu da buroshi, ya bi ta da reza a natse, bai taɓa yarda injin masu aski ya hau haɓarsa ba. Sai ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kama shi, ya ɗauke masa hannun dama, ya nauyaya masa harshe. Gemu ya fito masa barkatai. Ya daina duba madubi, daga baya ya daina yarda a shigo da masu dubiya.

Da sauƙi ya samu, majami'arsu ta sa wata Lahadi domin ya zo a yi godiya tare da shi. Ya ce da wannan fuskar ba zai fita ba, kuma kada a kira masa mai inji. Malam Idris, wanda nasa gemun ma mai aski ne yake gyara masa, ya ce shi zai yi. Esther, matar Malam Yohanna, ta ɗauko sabon buroshi da ɗansu Timothy ya aiko daga Jos, mai mariƙin katako da gashin doki, ko daga kwalinsa ba a fitar ba. Ta ce tsohon ya ƙare, Malam Idris ya tafi da wannan ya koyi hannu kafin Asabar.

Ya koya, ba laifi. Ya gane yawan ruwan da kumfa take so, ya gwada a gefen kumatunsa har reza ta daina tsallake. Ranar Juma'a da hantsi ya tsaya yana kallon buroshin, sai tsohuwar ƙa'idarsa ta motsa: abin da ya taɓa fatar wani ba ya taɓa fatar majinyaci sai ya sha wuta. Ya ɗora tukunya, ya jefa shi ciki, ya rufe. Dije ta tambaya ko an ce masa ana yi wa buroshi haka, ya amsa cewa a kan wannan ba ya neman a faɗa masa.

Da ya buɗe, mariƙin yana yawo shi kaɗai, ya tsage ta gefe. Gam ɗin da ke riƙe da gashin ya narke, gashin ya watse a saman ruwa, ya kanannaɗe.

Bayan masallaci ya shiga adaidaita sahu, ya bi shagunan Tarauni da Daurawa har Hotoro. Wani ya nuna masa buroshin takalmi, wani na fenti, wani ya ce ai an bar yayin wannan abu. Ya dawo ya tsince gashin daga faranti, ya shanya, ya daidaita gindinsa, ya ɗaure shi da zare irin ɗaurin da ya saba yi wa ƙunshin kaya, ya cusa a mariƙin. Kallo ɗaya za a yi masa a san ya ga wahala.

Ranar Asabar da safe ya daɗe a ƙofar gidan Malam Yohanna kafin ya yi sallama. A hanya ya shirya zai ce kayan ne ba su da ƙwari, amma da ya ga Malam Yohanna zaune a kujera, an yafa masa tawul, an ajiye ruwa da sabulu, sai ya fasa. Ya buɗe kwalin, ya faɗi abin da ya yi da dalilinsa, idonsa a ƙasa. Esther ta kama baki. Malam Yohanna ya karɓi buroshin da hannun hagu, ya juya shi, sa'annan ya yi magana a hankali, kalma tana jiran kalma.

“Malam Idi, kai ma majinyaci ka ɗauke ni?”

Malam Idris ya zo da kunyar ɓata kayan mutane, sai ya tarar da wadda ta fi ta. Mutumin nan ya gaji da safar hannu da warin magani, ya so abokinsa ya gyara masa fuska kamar kowane namiji mai shirin fita, shi kuwa ya zo masa da asibiti a kwali.

“Ka yafe ni, Malam Yohanna.”

“Ruwa mai ɗumi kawai,” in ji shi. “Jiƙa. Lokaci na tafiya.”

Askin ya ɗauki lokaci. Buroshin yana zubar da gashi a cikin kumfa, Esther tana tsincewa daga kumatun mijinta, tana cewa gemun doki ma ya samu shiga. Da aka gama, Malam Yohanna ya nemi madubi da kansa. Sai ya nuna da yatsa yadda ake kula da buroshin: a ɗauraye har kumfa ta ƙare, a matse a hankali, a yarfe, a rataye shi gashi na kallon ƙasa inda iska take bi, kada a mayar kwali da danshi.

Washegari ya je majami'a. Tun daga ranar, Malam Idris yakan zo duk Asabar. Timothy ya aiko da wani buroshin, amma mahaifinsa ya ce a bar shi a kwali, mai zaren nan bai gama aiki ba. Yana nan rataye a ƙusa kusa da taga, kuma har yau in Malam Idris zai ɗauko shi, da sauri yake miƙa hannu, ba ya ɗaga ido sosai.